Mai Igiya da Gado na Huɗu

Bango ɗaya ne tsakanina da shi, bangon ma siriri, wanda in ya yi tari a ɗakinsa sai in ce masa sannu daga nawa. Shekara goma sha ɗaya muna haka. Ni tela ne, shagona a bakin gidan da muke haya, kuma duk layinmu an san ni da baki. A aji huɗu na ajiye boko, amma duk wanda ya gifta ta gaban kekena sai ya sha tsiya, ko da digiri uku yake tafe.

Ni na laƙaba masa Mai Igiya. Kullum za ka gan shi da wata shuɗiyar waya naɗe a kafaɗa, mai kan roba a kowane ƙarshe, kamar wanda akuyarsa ta tsinke. In ya fito da safe sai in ce, ranka ya daɗe, har yau ba a ga akuyar ba? Ba ya ramawa. Sai ya tura tabarau sama da ɗan yatsa ya ce ana dai kan nema, Tela. Sunan ya bi shi har wurin aiki. Matarsa ma in ta so ta ja shi da wasa, da shi take kiransa.

A wani asibiti mai zaman kansa yake aiki, na masu ciwon ƙoda, shi ke kula da kwamfutocinsu. Matar tasa, Malama muke ce mata, domin ta koyar da yara shekara da shekaru kafin ƙafafunta su fara kumbura. Ƙodarta biyu duk sun ajiye aiki. Asibitin yana da ƙa'ida cewa matar ma'aikaci ko mijin ma'aikaciya na da gadon wankin ƙoda na dindindin. Nata shi ne gado na huɗu, gefen taga, Litinin da Alhamis, awa hurhuɗu. A waje kuwa mutane na bin layi wata da watanni ba su samu ba. In taƙaice muku, bayan ikon Allah, abin da ke riƙe da Malama a duniya shi ne ɗan katin aikin da ke rataye a wuyan mijinta. Ita ta sani, shi ya sani, mu ma da muke jin motsinsu ta bango mun sani.

Ba shi da wata babbar takardar makaranta. Ubansa mai gyaran rediyo ne, a gindin teburinsa ya tashi yana tsintar ƙananan ƙusoshi. Da gyaran na'urar buga takardu ya shiga asibitin, da kwamfuta ta zo ya koye ta daga littattafai da tambaya, har ya shekara goma sha bakwai a wurin. Mutum ne mai tsari har abin ya yi yawa. Kowace waya a asibitin nan sai da ya liƙa mata filasta ya rubuta daga inda ta fito da inda za ta. Ni na ɗinka masa jakar aikinsa, aljihu tara ya ce in yi mata, har da na tabarau. Na ce masa saura aljihun ajiye murmushi, tunda ba ya amfani da shi kullum.

Amma akwai rubutun da ba ya yi. Ba ya rubuta wa na gaba da shi takarda. Ubansa ne ya dasa masa cewa in ka rubuta wa babba takarda, kamar ka kai shi ƙara ne. Saboda haka in yana da magana sai ya tsaya a baranda, hannu biyu a baya, ya jira Darakta ya zo wucewa, ya faɗa a hankali. In an ji, to. In ba a ji ba, ya koma ya yi dabara. Da wannan halin ya yi shekara goma sha bakwai ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Sai babban akwatin kwamfutar asibitin ya tsufa ya mutu, wanda suke kira saba. Mai Igiya ya faɗi irin wanda ya kamata a sayo, da baki kamar kullum. Aka ba surukin Darakta aikin sayowa. Suruki ya dawo da wani daban, baƙi wuluk yana sheƙi, da fitila shuɗiya a goshi kamar motar 'yan gayu.

Ni nake ɗinka wa asibitin labule da zannuwan gado, shi ya haɗa ni da su. A makon nan na je rataya sababbin labule tsakanin gadaje, na ce bari in leƙa maƙwabcina in ɗan taɓa shi. Na same shi a wani lungu bayan ɗakin magani, babu taga, na'urar sanyi tana hurawa har haƙorana suna karo. Yana tsugune a ƙasa, akwatin a buɗe a gabansa, wayoyi sun kewaye shi. Kwana biyu ke nan ma'aikata sun koma biro da takarda, kowa in ya wuce sai ya leƙo ya tambaye shi saura yaushe.

Na ce ya yi mini bayani irin na 'yan aji huɗu. Ya ce in ɗauki gidan hayarmu. Gini ɗaya, ɗakuna da yawa. Akwatin nan gini ne, a cikinsa akwai kwamfutoci biyar marasa jiki, kowacce da ɗakinta: ta rajistar marasa lafiya, ta ɗakin gwajin jini, ta magani, ta jeren gadaje, da ta ofis. Akwai wata babbar manhaja da ke zaman mai gida, ita ke raba musu wuri. Su biyar ɗin kuma ta ƙofa ɗaya suke fita su yi magana da sauran kwamfutocin asibiti, ƙofar ita ce katin netwok. Matsalar, mai gidan nan yana da jerin ƙofofin da ya sani. Wadda ba ta cikin jerinsa, ko kallo ba ta ishe shi ba.

Na ce ashe ɗan'uwan mai gidanmu ne, shi ma shekara uku bai ga ƙofar banɗaki da ta ɓalle ba. Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ci gaba.

A gabana ya sake bin komai daga farko. Ya canza waya har sau uku, har da ta kafaɗarsa. Ya canza ramin da wayar ke shiga a jikin wani ƙarfe mai ramuka a jere, inda duk wayoyin asibiti ke haɗuwa. Ya zare wayar ya soka a ƙaramar kwamfutarsa ta hannu, nan take ta yi magana. Ya ce ka gani, waya lafiya, ramuka lafiya. Ya mayar jikin akwati, allo ya rubuto layi ɗaya, ya fassara mini: ba a sami katin netwok ba. Alhali ga katin nan a manne a cikin akwatin, ya nuna mini da bakin biro, bai fi farcen babban yatsa ba. Ya ciro na tsohon akwatin da ya mutu ya gwada, bakinsa bai shiga ba. Wannan kam na gane ba sai an fassara ba. Allurar wani keken ba ta hawa wani, ko ka yi kuka.

Ya ce maganin ƙaramin abu ne. A sayo kati ɗaya daga cikin jerin mai gida, a soka, shi ke nan.

Ranar Alhamis ce, Malama tana kan gado na huɗu, jini na zagayawa a cikin robobi. Ina kan tsani a bakin ɗakin, ƙugiyoyin labule a bakina, sai ga Darakta. Mai Igiya ya riga ya tsaya a baranda, hannu a baya. Abin da zan faɗa yanzu da kunnena na ji shi, tsakanina da su bai kai taku uku ba.

"Yallaɓai, akwatin da aka kawo, katinsa ba ya cikin waɗanda manhajar ta yarda da su. In da hali a ƙaro wani ɗan ƙarami."

Darakta ya rage tafiya, bai tsaya ba. "Surukina ya ce sabo ne fil. Kana nufin bai san abin da ya sayo ba?"

Mai Igiya ya ce a'a, ba haka yake nufi ba.

"To ka yi dabara mana. Ba don dabararka muke tare da kai ba?"

Daga nan ya ɗaga sabon labulena ya leƙa, ya gaida Malama, ya tambaye ta ƙarfin jiki, ya ce gadon taga dai ya karɓe ta. Ban ce da wata manufa ya faɗa ba, Allah ne masani. Amma daga saman tsani na ga wuyan maƙwabcina ya sunkuya, kuma bai ƙara tada maganar ba.

Dabarar ya yi. Ya tono wata 'yar manhaja a intanet, wadda wasu masu sha'awar abin suka rubuta, ba kamfanin ba, mai lallaɓa mai gida ya ga ƙofar. A rana ta huɗu fitilar bayan akwati ta yi kore, kwamfutocin asibiti duk suka farfaɗo. Nas-nas suka yi masa tafi. Suruki ma ya zo, yana kaɗa makullin mota, ya ce ai dama ya faɗa, kayansa ba sa ba da kunya.

Ba a yi mako ba ya gano abin da ya ɗauko wa kansa. In aiki ya yi wa katin yawa, sai ya yi gum. Abin takaicin, fitilar tana nan kore shar, kamar babu komai. 'Yan hayan nan biyar suna ta hirarsu a tsakar gida, na waje kuwa yana ƙwanƙwasawa ba mai amsawa. Ya gwada sa akwatin ya riƙa tada katin da kansa, wani lokaci ya tashi, wani lokaci ya ƙi sai an zare waya da hannu an mayar. Daga nesa kuma ba ya gyaruwa, tunda ƙofar da za ka bi ka shiga ita ce ta rufe. Sai dai mutum ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin sanyi, ya buga layi biyu, ya zare, ya mayar. Minti ɗaya. Ya lura in ya yi haka sau uku a rana, kafin katin ya gaji, ba wanda zai san da matsala.

Haka ya mai da kansa. Ƙarfe shida na safe, sha biyun rana, biyar na yamma. Har ranakun hutu. Wata bakwai.

Yayansa ya rasu a wani gari, bai je ba, ya ce aiki. 'Yarsu ɗaya tilo ta haihu a garin mijinta, Malama ba ta iya doguwar tafiya, shi kuma bai je ba. Dangi suka yi ta magana, wai ya zama bature. Wandunansa suka fara zamewa, sau biyu ina rage masa ƙugu. Ni kuma bakina bai huta ba. In ya fito da sassafe ina share gaban shago sai in ce, uban jariri, an tashi ba da nono? Yaushe za a yaye shi ne? Ya ce sai ya yi haƙori, Tela. Ina dariya, yana wucewa. Na san komai fa, domin ya gaya mini a kan bencina. Amma ni a lokacin abin dariya na ɗauke shi.

Malama ba ta ɗauke shi abin dariya ba. Ta bango muna jin su. Ba faɗa suke ba, ita ba ta da ƙarfin faɗa, magana ce a hankali wadda ba ta ƙarewa. Tana ce masa ya rubuta wa Darakta, ko layi uku ne, ya ajiye kwafi. Shi yana cewa in ya rubuta, sunan Suruki zai fito ko bai ambace shi ba, kuma a asibitin nan ba a taɓa Suruki a kwana lafiya. Da ta gaji, ta sa mai ɗakina ta miƙo mata takarda da biro, ta rubuta masa da hannunta, da wannan rubutun nata na allo mai tsaye kamar sojoji. Ta ce sa hannu kawai ya rage. Ya karanta, ya ce ta yi kyau, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu na tara. Ya ce zai kai in ta ɗan ji sauƙi.

Ta ce masa, "Mai Igiya, wa ya gaya maka ana jin sauƙin wannan?"

Mun ji ya ɗauki bokiti ya fita.

Ranar da abin ya faru ba na wurin. Mai ɗakina ce take raka Malama duk Alhamis, daga bakinta na ji. Wajen sha biyu saura kwata jinin Malama ya faɗi tana kan inji. Idonta ya juye, nas-nas suka rufu a kanta, aka aika a kira mijinta. Ya zo a guje, aka ce ya ɗaga ƙafafunta sama ya riƙe. Ya riƙe. Mai ɗakina ta ce ta ga ya kalli agogon bango sau ɗaya, sha biyu ta gota, ya kalli ƙofa, ya kalli fuskar Malama, bai saki ƙafafun ba. Wa zai saki?

Katin kuwa ya riga ya yi gum tun kafin sha biyu.

Akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, da ake sa wa inji da rana a gado na shida. Baba Direba kowa ke ce masa. Mutum mai barkwanci, in sun haɗu da Malama a bakin ƙofa sai ya ce ta ɗumama masa ɗakin. Ranar ya zo da wuri, ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi, ƙirjinsa ba daɗi. Aka ɗebi jininsa, aka ce ya zauna a benci a ga sakamako. Injin gwajin shi ke tura sakamako da kansa zuwa allon likita. Injin ya gama, ya tura, ƙofa a rufe. Likita ya duba allo bai ga komai ba, ya ɗauka ba a gama ba. Mai gwaji ya ɗauka likita ya gani. Baba Direba yana zaune da hularsa a gwiwa, sai ya jingina da bango. Waɗanda ke kusa da shi sun zaci gyangyaɗi yake.

Sha biyu da rabi Malama ta buɗe ido. Mai Igiya ya ajiye ƙafafunta, ya ruga ɗakin sanyi, ya buga layinsa biyu, ya zare, ya mayar. Sakamako ya faɗo allon likita da jan rubutu, cewa a ɗora mutumin nan a inji yanzu-yanzu. Lokacin an riga an lulluɓe shi da zanen gado. Ɗinkina ne ma.

Ko da sakamakon ya iso a kan lokaci zai tsira, ko ba zai tsira ba, likitan da kansa ya ce ba shi da tabbas. Amma 'ya'yan mamacin sun zo sun cika baranda, kuma Darakta yana bukatar amsar da zai ba su. Aka ɗauko wata injiniya daga wani kamfani, yarinya ce sa'ar 'yar Mai Igiya, da jaka a baya. Mai Igiya ya ba ni labarin da kansa. Ya ce ba ta yi rabin awa ba. Ta duba lambar katin, ta duba jerin, ta girgiza kai. Sannan ta buɗe wani wuri a cikin akwatin inda yake ajiye tarihin duk abin da aka yi masa. Ashe duk kashewa da kunnawar nan, akwatin yana rubutawa, da rana da minti. Sau ɗari shida da wani abu. Shida, sha biyu, biyar. Shida, sha biyu, biyar. Shi da ba ya rubutu, ga wanda yake rubuta masa.

Ya ce ta daɗe tana kallon allon, sannan ta juyo.

"Baba, kai kaɗai ka yi wannan? Har ranakun hutu?"

Ya ce eh.

"Ka taɓa sanar da su a rubuce? Ko saƙon waya ne, ko layi ɗaya. In akwai, ka ba ni in sa a rahotona."

Jakar tana rataye a kafaɗarsa, takardar Malama a aljihu na tara, ba sa hannu, ba hatimin ofis. Ya ce mata babu. Ta ce ita dole ta rubuta abin da ta gani. Ya ce ta rubuta, 'yata, aikinki ne.

Da aka kafa kwamiti na ce sai na je. Na sa rigata mafi kyau, na goge takalmi, na shiga na tsaya a gabansu, su biyar a bayan dogon tebur. Na ce ina kan tsani ranar kaza, na ji ya faɗa, na ji amsar da aka ba shi, na maimaita musu kalma da kalma. Ban kai ƙarshe ba na ga Babbar Nas ta rufe baki da hannu. Ni ne fa mutumin da ya taɓa shigowa asibitin nan ya ce an ga kada a tankin ruwa, har mai gadi ya hau da sanda. Ni ne na ce wa sabuwar nas Darakta yana son a gaishe shi da waƙa. Shekara shida ina shiga ina fita, ban taɓa faɗa musu magana ɗaya ta gaske ba.

Darakta ya yi murmushi ya ce, "Tela, yau kuma da wacce ka zo mana?"

Na rantse. Rantsuwar ma dariya ta ba su. Ya ce shi bai tuna an yi haka ba, mutum ɗari ke tare shi a baranda kullum, kuma duk abin da bai zo ofishinsa a takarda ba, bai zo ba. Suka ce in je, sun gode. Mai Igiya yana zaune a kujerar gefe, hannu biyu a tsakanin gwiwoyi. Aka tambaye shi ko yana da abin cewa. Ya ce a bar wa matarsa gadon, shi a yi masa duk abin da aka ga dama. Aka ce ƙa'ida ƙa'ida ce, amma don tsohuwar zuma za a bar ta zuwa ƙarshen wata.

A bakin ƙofa mai gadi ya karɓi katin wuyansa. Kwana uku bayan haka katin netwok na gaskiya ya iso, a 'yar fakitin da ba ta kai tafin hannu ba. Injiniyar ta soka shi kafin shayin da aka kawo mata ya huce. An ce tun ranar bai sake yin gum ba.

Daga ƙarshen wata suka koma babban asibitin gwamnati. Sunan Malama na arba'in da wani abu a layi. Ana kiransu ne in wani bai zo ba, kuma wanda bai zo ba kowa ya san inda ya tafi. Wani lokaci kwana goma, wani lokaci sha biyu. Ya nemi aiki ko'ina, amma labarin ya riga shi zuwa, kuma masu ɗauka takardar makaranta suke fara tambaya. Ya koma gyaran wayoyin hannu a wata rumfa, ba ya nisa da gida.

Malama ta fara aiko mini da rigunanta in buɗa. Na buɗa sau ɗaya, na buɗa sau biyu, na uku babu sauran yadi a ciki sai da na yi ƙari da wani ƙyalle. Na kai mata da kaina, na tsaya daga bakin ƙofa na yi sannu kamar mutumin kirki. Tana zaune an tokare ta da filo uku, domin in ta kwanta numfashi ba ya zuwa. Ta dube ni ta ce wane ne wannan, ina Tela? Ta ce in ba zan tsokane ta ba in koma, masu sannu sun ishe ta. Na ce, Malama, ai ke yanzu sai dai in auna ki da igiyar mijinki, tef ɗina ya gaza. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Mijin ya fito da kofin ruwa, wanda ma ba a yarda ta sha da yawa ba, ya jiƙa mata leɓe kawai.

Igiyar kuwa tana tsakar gida. Ranar da aka sallame shi, Malama ce ta karɓe ta daga kafaɗarsa, ta sa mai ɗakina ta ɗaure ta daga tagarsu zuwa ƙusar bangonmu. Ta ce shekara goma sha bakwai tana yawo a banza, yau dai ta sami akuya. A kanta suke shanya.

A wata na uku da komawarsu can ta rasu, ranar Litinin da hantsi, lokacin da a da take kan gado na huɗu. Kwana goma sha uku ke nan ba a kira su ba. An kira washegari.

Yanzu kusan kullum yana zuwa ya zauna a bencina. Har yau ƙarfe biyar da rabi yake tashi, ina jin ƙarar bokitinsa, ya yi wanka ya sa kaya, sannan ya rasa inda za shi. In sha biyu ta yi sai in ga ya ɗan zabura, ya taɓa kafaɗa, ya koma ya zauna. Na daina kiransa da sunan. Maƙwabci nake cewa, ko Malam. Ya yi mako biyu yana ji, ran nan ya ce, Tela, ni ma ka sallame ni ne? Na ce a'a. Ya ce to ka kira ni yadda take kirana.

A ranar ne na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. Na ce da ka miƙa takardar nan fa? Ya ciro ta daga aljihu na tara, ta yi laushi, ninkin ya fara yagewa. Bai buɗe ba.

"Da na miƙa, wataƙila su sayo katin. Wataƙila kuma tun watan farko su nemo mini laifi su sauke ta. Ban sani ba, Tela. Na zaɓi wanda nake iya riƙewa da hannuna. Wata bakwai na samo mata." Ya shafa takardar da babban yatsa. "Sai dai ban san daga bakin wa na ciro su ba sai ranar nan."

Ya ce ya je gidan Baba Direba sau ɗaya. Matar ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwa, ta ɗauka abokin tuƙin mijinta ne. Ya zauna, ya yi ta'aziyya, ya tashi bai faɗi ko shi wane ne ba. Yana so ya koma, ya ce, amma sai ya tsara yadda zai faɗa. Na ce ko in raka shi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, wa zai yarda da kai, Tela? Ban ji haushi ba.

Na taka keke, ya mayar da takardar aljihu. Daga inda nake zaune ina hango tsakar gida ta ƙofar baya. Shuɗiyar wayar tana nan a ɗaure, rana ta fara cinye launinta. Riga ɗaya ce a kanta da wando ɗaya, wandon ma yana son a sake rage masa ƙugu.